Ba a Rera Waƙar Mai Rai

Uwajima, tsakiyar Yuni

Zuwa ga Yayata Sumie,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Yaya Minoru da jikoki. Yaya gwiwar? Kin ce likita ya hana ki hawa tudu, ina fata kin ji maganarsa, ko da yake na san halinki. Mu nan damina ta zauna, wanki ba ya bushewa, shago duk warin danshi. Ku mutanen Hakodate ba ku san wannan wahalar ba.

Kin yi ƙorafin ba na kiran ki a waya. Ki yi haƙuri. Gidanmu na katako ne, in na yi tari a kicin ana ji a sama, ni kuma ba na son Baban Rie ya ji ina ba da labarinsa. Shi ya sa na koma biro da takarda kamar zamanin da kika yi aure.

Kin tambayi jikinsa. Likitoci sun ce cutar ba ta dawo ba. Yana ci, yana barci, ramin wuyan da yake numfashi ta ciki ya warke, yana rufe shi da ƙyalle. Amma Yaya, shekara biyu ke nan da aka cire masa maƙogwaro, ƙafar Tsuneo ba ta taka cikin shago ba. Matakala ce kawai tsakaninmu. Mutumin da ya kafa wannan wuri da hannunsa, wanda in ya ɗauki makirufo har masu kifi na tsallaken titi sai sun tsaya, yanzu yana zaune a sama yana kallon ruwa na sauka. Yana da ɗan farin allo da yake rubuta mini magana, amma maganar ba ta wuce "To," da "A'a," da "Shayi." Abin da nake so a duniya yanzu guda ne, ya sauko.

Ni kuwa kullum jiya i yau. In buɗe da tsakar rana, in dafa shayi, in soya ƙosan kifi, in saita wa kowa na'urar karaoke, in tafa. Babu wanda ya taɓa gaya mini tafi ma aiki ne. Da Tsuneo ke tsaye a bayan kanta, shi ke tafi da zolaya, ni ina kicin. Yanzu in tsoho ya gama waƙar da na ji sau dubu, sai ya juyo yana neman fuskata, dole in saki soso in fito in tafa masa da jiƙaƙƙen hannu. In na rufe da yamma tafin hannuna har zafi yake.

Mitsue-san ta rasu a watan Afrilu, ban sani ba ko kin tuna ta, mai shagon ɗinki. Talatar nan muka yi mata waƙarta. Kin san dokar shagon nan, kuma Tsuneo ne ya kafa ta. Kowane mai zuwa yana da waƙa ɗaya tasa, muddin yana numfashi ba mai taɓa ta, ko yana asibiti, ko ya yi fushi ya daina zuwa. Sai in ya mutu, an yi masa addu'ar kwana arba'in da tara, sannan mu taru mu rera ta, kowa ya ɗauki baiti, daga nan ta zama ta kowa. Seike-san, tsohon direban bas ɗin nan da shi da Tsuneo ba sa rabuwa kuma ba sa shiri, ya karɓi makirufo ya ce, "Ta azabtar da mu da waƙar nan tana raye, yau sai mu rama." Akamatsu-san, wata tsohuwa da ba ta fashin zuwa shagon, ta ɗirka masa mafici a ƙeya ta ce, "Kai dai naka na zuwa, kuma ni zan rera, in lalata ta da gangan." Aka yi dariya, aka yi kuka. Kafin a fara na hau sama na roƙi Tsuneo ya sauko don Mitsue. Ya rubuta "A'a," ya juya allon.

Waƙarsa kuwa, ta jirgin safe, wadda ya riƙe tun muna saurayi da budurwa, tana nan a cikin na'ura. Kowa ya haddace lambarta, ba mai danna ta.

Don kar in cika ki da baƙin ciki: jikar Akamatsu-san ta sa mata sabbin waƙoƙin yara a waya, yanzu ta ƙudurta sai ta iya ɗaya. Mace mai shekara tamanin da ɗoriya tana bin kalmomi a guje kamar mai kora kaji. Seike ya ce, "Wannan waƙa ce ko gwanjon kifi?" Ta ce, "Kai da ka tsaya a zamanin Showa, zamanin kakanni, wa ya tambaye ka?" Ni dai na tafa.

Ki gaida mini kowa. Ki rage gishiri.

Ƙanwarki,
Kazuyo

Uwajima, ƙarshen Agusta

Yaya Sumie,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, na gode da busasshen ganyen tekun da kika aiko, na raba wa maƙwabta. Zafin bana ya wuce misali, ina fata ku can kuna samun iska.

Wata sabuwar wahala ta same ni, kuma na san kin riga kin ji ta da kunnenki. Waƙar jirgin safe ta dawo. Wasu yara ne, da ko iyayensu ba a haifa ba lokacin da ta fito, suka sake rera ta da sauri, suka cika ta da ganga, aka sa a tallan lemon kwalba. Shi ke nan, gari ya ɗauka. Babban kanti, gidan mai, rediyon mai kai kifi, 'yan makaranta a bakin tasha suna rawa a gaban waya. Waƙar da muka shekara biyu muna kaffa-kaffa da ita, yanzu ita ake tallan lemo da ita.

Na zama mai gadi, Yaya. In muna cin abinci, rimot na cinyata, da na ji kiɗan farko sai in sauya tasha in yi kamar labarin yanayi nake nema. Na cire batirin rediyon kicin na ce ya lalace. Na je wurin wanzami na roƙe shi ya kashe nasa in Tsuneo ya zo aski. Wanzamin ya ce, "Mama, kada ki damu, ai tun tuni muka yi magana da masu shagunan layin nan." Ashe kowa na yi ban sani ba. Mai sayar da tofu, wato awara, in ta hango shi sai ta rage muryar rediyonta. Na ji daɗin kirkinsu, na kuma ji wata gajiya da ban san sunanta ba.

Me kike so in yi? Mutum ya rasa muryarsa, sannan waƙarsa ta riƙa fitowa daga bakin yara a kowace kusurwa? Ni na ga yadda ya yi da kansa a asibiti ranar da ya farka ya buɗe baki bai ji komai ba. Ba zan iya sake ganin wannan fuskar ba.

Rie ta zo hutun Obon, lokacin ziyarar kaburbura, da yaranta, muka je muka wanke kabarin su Baba. Ta ga ubanta, ta ga idona, ta kai ni kicin ta ce, "Mama, don wa kike wahalar nan? Rufe shagon ku dawo Matsuyama kusa da ni. Akwai gida mai lif, akwai asibiti." Na ce sai na yi tunani. Ta ce, "Tunanin me? Baba ba zai sauko ba, ke ma kin sani." Na ji zafin maganar. Amma in na kai shi hawa na takwas a garin da ba wanda ya taɓa jin ya rera waƙa, to, na san a gaban talabijin zai ƙare. A nan aƙalla ƙarar shago na hawa ta cikin katako ta same shi.

Na gaya masa abin da Rie ta ce, ina sa ran ko zai yi fushi. Ya rubuta "To." Na tsaya ina kallon allon, na ji kamar in karɓe shi in jefa a teku.

Ki kula da kanki. Kada ki kira Rie a kan wannan, don Allah.

Taki,
Kazuyo

Uwajima, Oktoba

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya Minoru, da fatan sanyin da ya fara muku bai tayar miki da gwiwa ba. Guguwar da kika gani a labarai ta wuce mu, kwano ɗaya ta ɗaga a rumfar baya.

Abin da nake tsoro ya faru, kuma a cikin shagona.

Akwai wata mata, Shiori, da ta bar aikin ofis a Osaka ta zo koyon noman lemu a gonakin tudu. Ba ta fi talatin da 'yan kai ba. Ruwa ne ya koro ta shagon wata rana, ta ga tsofaffi na waƙa da rana tsaka, ta zauna. Tun daga nan duk ranar da ruwa ya hana aikin gona sai ta zo. Tsofaffina suka so ta. Ita ce ta zaunar da Akamatsu-san ta koya mata inda ake jan numfashi a waƙar yaran nan, har tsohuwa ta kai ƙarshe ba ta faɗi ba. Takan rera mana sabbin waƙoƙi, masu cewa na gaji da aiki, na gaji da birni, ba na barci. Seike ya ce, "A zamaninmu don mace ta gudu ake kuka, ku kuwa don ogan ofis." Ta ce, "Seike-san, ku ma ogan ne ya sa matan suka gudu." Rabon da in ji dariya irin ta ranar har na manta.

Ba wanda ya gaya mata dokar. Ni ma ban gaya mata ba. Mu a ganinmu abu ne da kowa ya sani, kamar cire takalmi a ƙofa. Kuma don a gaya mata sai an ambaci waƙar, mu kuwa mun daina ambatonta.

Ranar Alhamis ina kicin, mai na tafasa, sai na ji kiɗan. Na ɗauka daga titi ne. Da na fito, Shiori na tsaye da makirufo tana murmushi tana cewa, "Wannan na san duk kun san ta, asalinta taku ce, ku taya ni!" Ta fara. Muryarta mai daɗi ce, Yaya, wannan ma ya ƙara muni. Kowa ya daskare. Akamatsu-san ta haɗa tafin hannu ta sunkuyar da kai kamar a gaban gawa, don mu a wurinmu abin da ake nufi ke nan, mai waƙar ya tafi, alhali mutumin na zaune a saman kanmu. Duk idanu suka koma rufi.

Seike ne ya miƙe, ya fizgi rimot ya kashe ta a tsakiyar baiti. Kin san kashe wa mutum waƙa a baki irin cin fuskar da yake. Ya ce, "Ke! Masta bai mutu ba!" Kin san Masta suke kiran Tsuneo a shago. Yarinya ta yi tsuru-tsuru, ta dube ni. Akamatsu-san ce ta jawo ta ta yi mata raɗa. Sai fuskarta ta sauya. Ta ajiye makirufo da hannu biyu, ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa tebur tana cewa, "Ku gafarce ni, ban sani ba, ku gafarce ni." Ta fita cikin ruwa ta bar lemarta.

A cikin shirun nan muka ji an ja kujera a sama. Aka yi taku zuwa bakin matakala, aka tsaya. Muka jira, muka jira, sai takun ya koma. Ƙosan kifina kuwa ya ƙone ƙurmus.

Da yamma na kai masa abinci bai taɓa ba. Na ce, "Baƙuwa ce, ba ta sani ba." Bai ɗauki allon ba. Na ce, "Seike ya kashe nan take." Ya ɗago ya yi mini wani kallo da ban gane ba, ya juya baya.

Na gaji, Yaya. Na tsare rediyo, na tsare talabijin, na tsare unguwa guda, ta ƙofar shagona abin ya shigo. Shiori ba ta sake zuwa ba, tsofaffin ma waƙa suke kamar an sa su dole.

Ki rubuto mini, ko layi biyu ne.

Ƙanwarki,
Kazuyo

Uwajima, Nuwamba

Yaya Sumie,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye a kicin na yi kuka kaɗan. Na aiko miki da kwalin lemu na farkon kaka, ki duba na ƙasa kada su ruɓe.

Kin ce in tambaye shi kai tsaye abin da yake so. Faɗa da sauƙi. Shekara arba'in ba tambayar juna muke ba, ganewa muke, yanzu kuma ganewar ce ta ƙi.

Ga abin da ya faru. Tun bayan ranar nan ya fara fita ta ƙofar baya in na buɗe shago. Na ɗauka bakin teku yake zuwa, har tsoro ya kama ni. Sai matar da ke karɓar kuɗi a babban kanti ta tare ni ta ce, "Mama, Masta lafiya kuwa? Kullum sai ya zo ya ɗauki kwando ya tsaya wajen sabulu, ba ya sayen komai." Washegari na bar wa Akamatsu-san shago na bi shi. Yana tsaye a ƙarƙashin lasifikar rufi da kwando babu komai. Tallan nama ya wuce, tallan madara ya wuce, yana nan. Sannan aka sako waƙar yaran. Ya rufe ido, yatsansa na buga hannun kwandon, leɓensa na motsi. Ba a kai ko'ina ba aka yanke aka ce an rage farashin ƙwai. Ya buɗe ido, ya mayar da kwando, ya fita. Na ɓuya a bayan takardar bayan gida kamar ɓarauniya.

A gida na daure na ce na gan shi. Ya daɗe kafin ya ɗauki allo. Ya rubuta, "A can ma rabi suke sakawa." Ya goge. Ya sake rubutawa, "Yarinyar ta iya. Me ya sa ba ta ƙarasa ba?" Na ce, "Ai kana raye." Ya dube ni, ya rubuta, "Haka ne?" Ya ajiye allon ya shiga wanka.

Yaya, ban san abin da zan yi da wannan ba. In mun yi shiru, ga shi a kanti yana roƙon rabin waƙa a wurin lasifika. In mun rera, mun yi masa jana'iza da ransa. Dokar tasa ce, ba wanda zai iya karya ta, ni ma ba zan iya tsayawa gaban Seike in ce ku rera waƙar mijina ba. Bakina ba zai faɗa ba.

Na kira Rie na ce ta fara duba gidan. Na ce zan kai ƙarshen shekara in sauke labule, in rufe shagon. Ban gaya wa tsofaffin ba tukuna, ba ni da ƙarfin ganin fuskokinsu.

Ki sa rigar sanyi. Ki gaida jikoki.

Kazuyo

Uwajima, tsakiyar Disamba

Yayata Sumie,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan ƙanƙarar bana ba ta rufe muku ƙofa ba, kuma Yaya Minoru ya bar wa matasa aikin shara. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ranar Talata, rana tsaka, Seike ya shigo da Shiori a bayansa, dukansu biyu kamar waɗanda shugaban makaranta ya kira. Na ce lafiya? Seike ya ce, "Ki tambayi mijinki. Jiya ya tare ni a titi ya tura mini allo a hanci, wai in je tudu in ba ta haƙuri in kawo ta. Motata har yanzu taɓo ne." Ban gama fahimta ba muka ji taku a matakala. Wannan karon bai tsaya ba.

Yaya, baƙar kwat ya sa. Ta zuwa jana'iza, da baƙin laktaye a kan ƙyallen wuyansa, ta yi masa yawa don ya rame. Ya taje gashi. Ya wuce ta gabana, ya ja kujera ya zauna a gaba inda muke ajiye hoton mamaci in za a yi masa waƙa. Ya ɗaga allon, ya riga ya rubuta tun daga sama: "Tunda kun binne ni, ku yi mini waƙata. Shekara biyu ina jira."

Akamatsu-san ta ce, "Masta, wannan wane irin wasa ne?" Ya goge ya rubuta, "Muryar ta mutu. Ita za a yi wa." Ya miƙa hannu, na ba shi rimot ban san na ba shi ba. Ya danna lambar waƙar da kansa, salon yaran, ya nuna Shiori. Ta ce, "Ni? A'a, don Allah, ba ni ba." Ya sake nuna ta. Ta fara, ta yi baitin farko irin na yara, mai sauri. Ya ɗaga mata yatsa, ya karɓi makirufo ya miƙa wa Seike, ya mayar da kiɗan na asali, mai jan ƙafa.

Seike ya karɓi makirufon. Ya ce, "Tsuneo, kai mugu ne. Tun muna samari nake son waƙar nan ka riga ni." Sannan ya rera, kuka na cin sa, yana faɗuwa yana tashi. Tsuneo na buga tebur da tafin hannu yana harararsa don ya yi gaggawa. Akamatsu-san ta ɗauki baitin ƙarshe, sauran suka taya ta. Da aka gama ba wanda ya san ko a tafa. Ya ɗauki allo ya yi rubutu ya ɗaga wa Seike: "Maki talatin cikin ɗari." Seike ya ce, "Kai, gawa ba ta ba da maki! Kwanta!" Shagon ya fashe. Tsuneo na dariya, kafaɗunsa na girgiza, iska na fita ta wuyansa babu sauti. Rabona da ganin haƙoransa tun kafin asibiti.

Ni ban yi dariya ba. Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Akwai wani wuri a tsakiyar waƙar, inda matar ke ganin jirgin ya juya, da Tsuneo kan ja murya ya riƙe ta har sai kofuna sun yi amo. Da Seike ya iso wurin, kunnena ya tsallake shi ya tsaya yana jiran ta Tsuneo. Ba ta zo ba. Sai a lokacin na yarda ba za ta sake zuwa ba, duk tsawon shekara biyun nan ban yarda ba. Na shige kicin na buɗe famfo na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Akamatsu-san ta biyo ni ta dafa bayana ta ce, "Yi abinki, Mama, ai gidan makoki ne."

Washegari ya sauko kafin ni, da tsohuwar rigar aikinsa. Ya tarar na sauya wurin kofuna, ya rubuta mini faɗa har allon ya cika ya goge ya ci gaba. Jiya ma ya sauko, yau ma. Shi ke tafi yanzu. Waƙar ta zama ta kowa, jiya sau uku aka rera ta, kowane karo sai na sami abin wankewa a kicin. Ban san yaushe zan iya tsayawa in ji ta ba.

Na kira Rie na ce ta bar maganar gidan. Ta ce, "Ke fa, Mama? Za ki iya?" Na ce ban sani ba. Gajiyar ba ta tafi ba, Yaya, bayana na ciwo, hannuna ya tsage da ruwan sanyi, kuma mijin da ya sauko mini ba shi da murya. Amma ya sauko.

Bari in tsaya nan. Yana buga kanta da cokali, wai shayin Seike ya huce. Ki gaida mini kowa da kowa, mu ga sabuwar shekara lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Kazuyo